Injiniya da Na'urar Jin Motsin Ƙasa

Ba wanda ya naɗa shi Injiniya, shi ya naɗa kansa. Sana'arsa dai gyaran fanka ce. In fanka ta ƙone sai ya kwance ta, ya zare tsohuwar wayar da ta babbake, ya naɗa mata sabuwa, ta koma tana ba da iska kamar ba ta taɓa ciwo ba. Kuma gaskiya ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Bakin nan ne dai ba shi da linzami. Ka kai masa fanka, kafin ya ɗauki sukundireba sai ka sha labarin jirgin saman da saura ƙiris ya ƙera, da rijiyar da ya kusa koya wa ɗebo kanta.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, wanda in ya miƙe da garaje sai kansa ya gaisa da siminti. A nan mahaifinsa ya yi gyaran rediyo har Allah Ya karɓi abinsa. Gidan kuwa na Gwaggo ne, yayar mahaifin nasa, wadda ke zaune a sama ita kaɗai, 'yan haya na ƙasa. Albarkacin ƙanenta ta bar wa Injiniya lungun. To amma tun ranar da ya haɗa wata na'urar korar sauro, sauro bai gudu ba labulen zaure ya kama da wuta, Gwaggo ta kira shi ta ja masa kunne.

"Auta," ta ce, don ita ba ta san wani Injiniya ba, "wannan ce ta ƙarshe. Ka sake tara mini jama'a a ƙofar gida da shirmenka, mukullin shagon nan zan karɓa in ba Tela. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Gwaggo."

Tela kuwa, wanda shagonsa ke manne da lungun, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurin. Tuni ya gama auna inda zai ajiye teburin guga a zuciyarsa.

Aka ɗan samu lafiya na wani lokaci. Sai wata rana da hantsi Injiniya ya ci karo da wani bidiyo a wayarsa, girgizar ƙasa ta auka wa wani gari mai nisa, gidaje na zubewa. Bidiyon da ya biyo baya kuma wani mutum ne a ɗakinsa yana nuna yadda ake haɗa na'urar jin motsin ƙasa da 'yan kayan hannu. Injiniya ya kalla har rabi, ya kashe wayar, ya ce sauran ai ya sani. Ya fito ya iske Tela da Mai aski suna hira a kan benci.

"Jama'a, kuna zaune hankali kwance, kun san a kan me kuke zaune?"

"A kan benci," in ji Tela.

"A kan haɗari! Ƙasar nan da kuke gani ba a tsaye take ba. Ranar da za ta motsa, wa zai gaya muku?"

Mai aski ya ce, "Ai in ta motsa ita za ta gaya mana da kanta."

"Lokacin an makara! Ni zan haɗa abin da zai ji ta tun tana gyara kwanciya." Ya tsuguna ya fara zane a ƙasa da tsinke. "Abin ba wuya ga wanda ya sani. Za ka rataye abu mai nauyi a jikin sifirin. A ƙarƙashinsa ka ɗaura ɗan sandan ƙarfe, ya ratsa ta cikin naɗin waya uku. Na tsakiya shi ake ba wuta. Na sama da na ƙasa kuwa, muddin ƙarfen na tsakiya, kunnen doki suke, ba wanda ya fi wani. Ƙasa na motsawa, ko da kaurin gashi ne, naɗin zai bi ta, nauyin nan kuwa ya tsaya inda yake, don shi ba ya son a dame shi. Shi ke nan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ɗan allon lantarki ya kama bambancin ya ƙara masa ƙarfi, allurar mita ta harba, jiniya ta ɗauka. Kowa ya fita da ransa."

Tela ya sosa ƙeya. "Ni dai a duk bayanin nan, wanda ba ya son a dame shi na fahimta, don ni ne."

"Ku yi dariyarku. Wata rana da sunana za a riƙa kwatancen layin nan."

Mutumin bidiyon ɗan naɗi kaɗan ya yi. Amma Injiniya mai gyaran fanka ne, kuma a wurinsa naɗin da bai cika ya tumbatsa ba rowa ce. Ya ce in wancan ya yi kaɗan ya ji motsin garinsu, shi zai yi da yawa ya ji na duniya. Wayar da ke shagon ta ƙare bai kai rabi ba. Ya waiga ya ga fankokin mutane jere suna jiran gyara, cikinsu cike da jan ƙarfe mai kyau. Ya ce aro ne. Kafin la'asar ya farke su kaf, har da ta Gwaggo, wadda ta bar masa ranar da za ta tafi ziyara wurin 'yarta.

Washegari da safe matarsa ta leƙo shagon, hannu a ƙugu.

"Baban yara, ina dutsen gugata?"

"Yana bakin aiki."

Ta ɗaga kai. Ga dutsen gugarta can yana lilo a jikin sifirin ɗin tsohon babur, kamar an yanke masa hukunci.

"Innalillahi! Kayan makarantar yara duk a yamutse suke fa."

"Ke kina maganar kwalar riga, ni ina maganar rayukan al'umma."

"To al'ummar su zo su goge." Ta ƙara dubawa da kyau. "Tsaya ma tukun. Me ya sa ka kafa abin a jikin matakala? Ba ƙasa ka ce zai ji ba?"

Gaskiyar magana ita ce ƙasan shagon ba masaka tsinke, gawarwakin fankoki sun cika shi. Shi ya sa ya huda simintin da ke bisa kansa ya ɗaure komai a can, da sifirin da naɗin. Amma Injiniya ba ya cewa wuri ne ya ƙare.

"Duk gidan nan ba simintin da ya kai na matakala ƙarfi. Wannan ilimi ne, ba ki karanta shi ba."

"Matakala ai takawa ake yi."

"Tsaya nan ki kalli allurar."

Ya fita ya hau matakalar a guje ya sauko a guje. Injiniya kuwa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, iska mai ƙarfi ma sai ya riƙe bango. Allura ta ɗan yi rawa ta koma ta kwanta.

"Kin gani?"

"Na ga dai ba ka ci abincin safe ba," ta ce, ta juya ta shige gida.

Jiniyar a wurin masu tarkacen mota ya samo ta, irin wadda in ta yi kuka har haƙora sai sun amsa. Ya haɗa ta da rana tsaka, ya kunna na'ura, ya zauna ya harɗe ƙafa. Bai gama gyara zama ba abu ya ɗauka: wiiiii!

Kai jama'a! Injiniya ya yi tsalle, kansa ya bugi siminti, ya fito yana dafe da ƙulu yana ihu. "Ta zo! Ta zo! Kowa ya fita fili!"

Layi ya hargitse. Mata suka fito da ludayi a hannu, wata da yaro a kafaɗa da takalmi wari guda. Wani bawan Allah ya fito daga shagon aski a guje, rabin kai fes rabi daji, mayafin aski na tashi a bayansa, Mai aski na bin sa yana cewa ya tsaya a ƙarasa. Aka taru a tsakiyar titi cirko-cirko ana kallon gidaje, ana jiran a ga wanda zai fara faɗuwa. Gidaje suka tsaya abinsu. Sai ga Mai markaɗe ta fito daga rumfarta da ke jikin bangon gidan, ta kashe injinta don ta ji abin da ake gudu. Injin na mutuwa jiniya ta yi tsit.

Kowa ya juyo ya kalli Injiniya.

"Kai," in ji Mai markaɗe, "shekara da shekaru ina tayar da injin nan, ba wanda ya taɓa cewa na girgiza ƙasa."

"Ba wanda ya taɓa aunawa ne, Iya."

"Au, ni ce ma mai laifin?"

"Ni ban ce ba. Na'ura ce ta ce."

Mai rabin kai ya so ya shaƙe shi, aka shiga tsakani.

Kwana biyu bayan nan Tela ya gano wani abin daɗi. In ya taka kekensa da sauri sosai, jiniya sai ta amsa masa ta cikin bango. Shi ke nan ya samu abin wasa. Sai ya bari Injiniya ya kai kofin shayi baki, ya taka. Injiniya ya ƙone leɓe ya fito a fusace.

"Tela, kana wasa da kimiyya!"

"Ni ɗinki nake yi, Injiniya. Ko in dakata sai ƙasa ta gama motsin?"

Daga nan kuma ta koma duk wanda wayarsa ta yi ƙara kusa da shagon, allura sai ta haukace. Injiniya ya kafa doka, ba a amsa waya a gaban shagonsa. Ba wanda ya bi.

Ya koma ya kalli ɗan ƙarin bidiyon, ya ga ashe ana tsoma wutsiyar ƙarfen a cikin mai don ya rage rawar kai. Bai jira ƙarshe ba ya sake kashewa. Ya shiga kicin ya juye man girkin matarsa a gwangwani ya kai shago. Aka yi kwana guda lafiya. Rana ta biyu, daidai lokacin da kowa ya ɗan kishingiɗa saboda zafi, jiniya ta ɓarke, kuma wannan karon ba ta tsaya ba. Ba injin markaɗe, ba keken Tela. Injiniya ya buɗe shago, zuciyarsa cike da wani irin farin ciki da bai dace ba. Sai ga wani ƙaton ɓera ya ɗare kan dutsen guga, ya sha mai ya ƙoshi, yana lilo abinsa.

Wannan karon ba wanda ya gudu. Daga tagogi kawai aka riƙa aiko masa da saƙonni, har da na iyayensa. Masu fankoki kuma suka fara sintiri, zufa na zuba, shi yana ce musu ana kan gwaji.

"Gwajin me?" in ji wani dattijo. "Gwajin ko zan mutu da zafi?"

"Baba, in bene ya danne ka, fanka me za ta yi maka?"

"Ai ni ba ni da bene!"

Da yamma matarsa ta zaunar da shi. "Baban yara, Allah ne Ya rufa maka asiri Gwaggo ba ta gari. Ka sauke abin nan tun kafin ta dawo. In aka karɓi shagon nan, ina za ka sa kanka? Wurin mahaifinka ne fa."

Maganar ta shige shi, don yana son lungun nan kamar ransa. Amma sai ya lissafa ta wata hanyar. In na'ura ta yi aiki a gaban jama'a, a gaban Gwaggo, ai ba mai sake maganar mukulli. Wataƙila ma shagon Tela za a ƙara masa.

Ya duƙufa, kuma a nan kam ya yi aiki. Ya zubar da man girki ya sa baƙin mai mai kauri. Ya rufe ɗan allon lantarkin da gwangwani don kada wayoyi su dame shi. Ya riƙa murza maɓallin ƙarfi kaɗan-kaɗan yana ragewa. Mai markaɗe ta tayar da inji, shiru. Tela ya taka keke har ya yi gumi, shiru. Babbar mota ta wuce da lodin yashi, allura ta ɗan ɗaga kai ta koma. Injiniya ya bugi ƙirji.

"Yanzu duk abin da ya sa ta kuka, to ba na wasa ba ne. Ranar Asabar za a ƙaddamar."

Ana gobe Asabar Gwaggo ta dawo, na'ura na kashe ana cajin batir. Ita Gwaggo mace ce da Allah Ya yi wa jiki, kuma haka gidansu suke in ka cire Injiniya. A can wurin 'yarta likita ya ce ta rage. Ta bar sukari, ta bar maiƙo, tana ɗan tattaki da safe, kuma ta sha wuya ba kaɗan ba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta tambaye shi, "Na rage ko?" Wa zai ce a'a a gidan da yake haya? Tela ma cewa ya yi da ƙyar ya gane ta, ta aiko da rigunanta a rage musu faɗi.

Injiniya ya hau ya durƙusa ya gaishe ta.

"Auta, ina fankata?"

"Tana… tana samun kulawa ta musamman, Gwaggo. Amma gobe akwai ɗan taro."

"Taro? Me na gaya maka?"

"Wannan na alheri ne, Gwaggo. Ke ce babbar baƙuwa. Jama'a duk so suke su gan ki, an ce kin koma yarinya."

Gwaggo ta ɗan gyara ɗaurin ɗankwali. Tana da sabuwar riga da ba a gani ba tukuna. "To. Amma wallahi in ka kunyata ni, ka san sauran."

Ranar Asabar bayan la'asar aka jera bencina a ƙofar gida. Layi ya cika, don mutane ba sa ƙin kallo kyauta. Injiniya ya sa kwat ɗin da ya daɗe a ƙasan akwati, duk a yamutse, tunda dutsen guga na bakin aiki. Ya hau kan wata kujera ya yi jawabi. Ya gode wa kansa. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba ma in suka ji labari za su aiko a koya musu. Sannan ya kunna na'ura, ya sa aka tayar da injin markaɗe, shiru. Ya sa Tela ya taka keke, shiru. Ya sa Mai aski ya buga waya a bakin ƙofar shagon, shiru. Wasu har suka fara tafi. Matarsa da ke tsaye a zaure ta ɗan saki ajiyar zuciya.

"Kun gani? Ba ta kuka sai da dalili. Duk ranar da kuka ji muryarta…"

Wiiiii!

Injiniya ya faɗo daga kan kujera. Ya kalli rumfar markaɗe, inji a kashe. Ya kalli Tela, ga shi zaune hannu biyu a cinya. Ya leƙa shago, ba ɓera, allura kuwa ta harba har ƙarshe.

"Wannan ta gaske ce! Wallahi ta gaske ce! Ku bar jikin gini!"

Yadda ya faɗe ta, da idanu waje, ya sa har waɗanda suka rantse ba za su ƙara gudu ba suka ranta a na kare. Bencina suka kife. Dattijon fanka, wanda kullum da sanda yake tafiya, ya riga samari kai tsallaken titi, sandar na baya. Mai aski ya kwanta rubda-ciki a kwalta ya rufe kai da hannu.

Sai jiniya ta yi tsit.

Aka ɗago kai a hankali. Can a saman matakala, wadda ke gangarowa ta gefen gidan kowa na gani, Gwaggo ce tsaye cikin sabuwar riga, ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ta tsorata.

"Gwaggo!" Injiniya ya ƙwala. "Sauko da sauri kafin ta dawo!"

Gwaggo ta sauke ƙafa. Wiii! Ta tsaya cak. Shiru. Ta jira kaɗan, ta sake sauke ɗaya ƙafar a hankali. Wiii! Ta daskare. Shiru.

Tela ne ya fara ganewa. Ya taso daga bayan wata mota yana kakkaɓe gwiwa, ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, don Allah ɗan ƙara taku ɗaya."

Ta ƙara. Wiii!

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar muni. Ko'ina ka duba kumatu ne a kumbure. Mai markaɗe ta cusa bakin mayafi a baki. Mai aski, wanda har yanzu yake kwance, kafaɗunsa sai rawa suke. Gwaggo ta kalli jama'a, ta kalli ƙafarta, ta gane. Ta ɗaga kai sama, ta sauko da sauran matakalar da ƙasaita, kowane taku jiniya na yi mata rakiya. Tana taka ƙasa abu ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Ta leƙa shagon. Ta ga dutsen guga na lilo, ta ga gwangwanin baƙin mai, ta ga fankarta a kwance ciki a buɗe. Ta juyo. Muryarta ba ta tashi ba, kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san wannan ce mai haɗarin.

"Auta."

"Na'am, Gwaggo."

"Kai ɗan ƙanena ne, ba na son in wulaƙanta ka. Juya ka gaya wa mutanen nan tarkacen nan naka ya lalace. Ka faɗa, ka sauke shi, ka gyara mini fankata, magana ta wuce."

Hanya ce aka buɗe masa, faffaɗa, har da shimfiɗa. Matarsa ta matso ta bayansa ta mintsine shi a hannu. "Ka ce ta lalace," ta raɗa masa. "Baban yara, don girman Allah ka ce ta lalace."

Injiniya ya buɗe baki. Ya san abin da zai rasa, mukullin na aljihunsa yana jin sanyinsa a cinya. Ya kalli allurar nan da ta kwanta lafiya, tana jiran aiki. Injin markaɗe bai ruɗe ta ba, keken Tela bai ruɗe ta ba. Siminti ya ɗan lanƙwasa abin da ido ba zai gani ba, ta ji, ta faɗa. Yaya za a yi ya yi mata ƙazafi a bainar jama'a?

"Gwaggo," ya ce, "kin rage. Wallahi kin rage, kowa ya shaida."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Amma na'urar lafiyarta ƙalau."

Wani ya saki dariya daga baya, kamar an fasa tulu. Injiniya ya ga fuskar Gwaggo ta canza, ya yi sauri ya gyara.

"Ai ma alheri ne, Gwaggo! Da a ce kafin ki rage ne, da allurar karyewa za ta yi."

Shi ke nan layi ya tarwatse da dariya. Mai markaɗe ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Dattijon fanka yana dariya yana tari. Matar Injiniya ta ɗora hannu biyu a ka ta shige gida. Gwaggo kuwa hannu kawai ta miƙa, tafin a buɗe.

"Gwaggo, bari in yi bayani, abin na da alaƙa da…"

"Mukulli."

Ya zaro ya sa mata. Ko kallonsa ba ta yi ba ta miƙa wa Tela, wanda ya karɓa da hannu biyu yana cewa ai da an yi masa haƙuri, alhali tuni mukullin ya shige aljihu.

"Kuma kafin in hau," in ji Gwaggo, "a kashe mini wannan abin."

Aka kashe. Ta hau a hankali, jama'a suka yi kamar ba sa kallo.

Kwana kaɗan bayan nan Injiniya ya kafa ɗan tebur a tsallaken titi, ƙarƙashin wata bishiya mai rowar inuwa. Ya warware naɗin nan uku da hannunsa, yana mayar wa fankokin mutane wayarsu ɗaya bayan ɗaya. Daga inda yake zaune yana hango lungun. Tela ya shafe shi da farin fenti, ya sa teburin guga, yana ta fito. Duk sanda Injiniya ya ɗaga kai ya gani sai ya yi saurin mayar da ido kan aikinsa, don a wurin nan ya koyi riƙe sukundireba a kan cinyar mahaifinsa. Ranar ko labarin jirgin sama bai ba kowa ba.

Da azahar matarsa ta tsallako da kwanon abinci. Ta ajiye, ta zauna a gefen benci, ta daɗe tana kallon hannunsa yana naɗi.

"Kalma ɗaya fa, Baban yara," ta ce a hankali. "Da ka ce ta lalace, da yanzu kana ciki."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya waya a kan yatsa.

"To ai ba ta lalace ba." Ya ja hanci. "Duk abin da na taɓa ƙerawa a duniya, ita kaɗai ce ta yi aiki."

Ta buɗe kwanon ta tura masa gabansa.

"Ci," ta ce, "kafin ya huce."